Rediyon da Bai Yi Laifi Ba

Ranar da ta fara zuwa shagonsa, a bakin ƙofa ta same shi yana yi wa maƙwabcinsa faɗa.

"Kawu, abin da ke kashe mu ke nan. A kawo muku kaya, ku ɗan bubbuga shi da tafin hannu, in ya yi magana ku ce an gyara. Ba awo, ba bincike, sai kintace. Har yaushe?"

Kawu mai gyaran rediyo, wanda ya shekara talatin a layin, bai ko ɗaga kai daga wayoyin da yake haɗawa ba.

"To, ɗan boko, ka yi baƙuwa. Bar mu da jahilcinmu."

Injiniya ake kiransa a layin, rabi girmamawa rabi tsokana, tun da ya dawo da takardar difloma ya buɗe shagon kwamfuta. Ya juya da sauran faɗan a bakinsa, sai ya manta da shi. Doguwa ce, sanye da farar rigar ma'aikatan kantin magani, ta riƙe waya da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Sannu da aiki," ta ce. "An ce kana zuba murya a faifan sidi."

"Faifai? A wannan zamanin? Ki kawo memori mana, ya fi sauƙi."

"Ba don ni ba ne. Don Babanmu ne."

Ya jawo mata kujera, ta zauna ta yi masa bayani. Ita ce auta a gidansu, kuma Auta kowa ke ce mata. Mamansu ta rasu bara, bayan jinyar wata huɗu a asibiti. A kwanakin jinyar ta riƙa turo saƙon murya a wayar Auta domin a kunna wa Baba, wanda idanunsa suka yi rauni har bai iya fita shi kaɗai. Saƙo talatin da ɗaya. Baba bai iya wayar shafawa ba. Amma akwai rediyon Mama, mai murfin faifai a ka, wanda ya fi shekara goma sha biyar a kan kantar gefen gadonsu. Yatsan Baba ya san maɓallinsa ba sai da ido ba.

"So nake ya riƙa jin ta ba sai ya roƙi kowa ba," ta ce. "Akwai maganar da mutum ba zai so ya ji ta a gaban 'yarsa ba."

Maganar ta taɓa Injiniya, kuma kamar yadda ya saba, sai ya mayar da abin burga. Ya kwashe saƙonnin, ya jera su, ya saka sabon faifai, ya zaɓi gudun buga faifai mafi girma da na'urar ke da shi, arba'in da takwas. Kafin ta gama gyara zama faifan ya fito. Ya mayar da shi cikin kwamfutar, muryar wata dattijuwa ta cika shagon tana sallama.

"Har an gama?"

"Nan ba a ɓata wa mutane lokaci. Ki bar min lambarki, ko da wata matsala za ta taso."

Ta ɗan dube shi ta gefen ido, murmushi na neman ƙwace mata. "Matsalar faifai kaɗai?"

"A yanzu dai."

Washegari da hantsi saƙonta ya shigo.

"Injiniya, faifan ya ƙi. Sai ya fara sai ya sarƙe, muryar Mama tana in'ina. Baba ya kashe, ya juya fuska bango."

Ya buga mata wani, a irin gudun farko. Shi ma ya ƙi. A zuwanta na uku ta ajiye faifan biyu a kan teburinsa, idanunta sun yi ja. Ya saka su a kwamfutarsa ɗaya bayan ɗaya, duk suka yi garau.

"Kin ji da kunnenki," ya ce. "Faifaina lafiyarsa ƙalau. Idon rediyon da ke karanta faifai ne ya mutu. Irin waɗannan ba a gyara su, kayan gwangwan ne."

Bai taɓa ganin rediyon ba. Bai tambayi sunansa ba, bai ce a kawo ya duba ba, bai leƙa shagon Kawu da ke taku uku daga nasa ba. "Ban sani ba" kawai ake buƙata, amma wannan magana ta fi dutse nauyi a bakin mai takarda, musamman in wadda yake so ta zuba masa ido. Ya yanke hukunci da murya irin ta likita, ita kuma ta yarda.

Bayan mako guda ta rubuto.

"Na ba mai gwangwan rediyon. Kullum da safe sai Baba ya danna, ya ji muryarta a kakkarye, ya sake dannawa. Na kasa jurewa. Bai hana ni ba."

"Kin yi daidai, Autata," ya amsa. Ranar ce ta farko da ya kira ta haka, kuma ba ta hana ba.

Daga nan soyayya ta kama su sosai. Ƙarfe biyar yakan rufe shago ya tsaya a tsallaken kantin maganin har ta fito, ya raka ta zuwa inda take hawa mota. Yana tafiya yana zuba: yadda magina ke ha'inci, yadda direbobi ke raina doka, yadda kowa ya koyi cewa "ba komai" a kan abin da komai ne. Ita kuwa sai ta bari ya kai ƙarshe ta ce, "Sannu, shugaban gyaran duniya. Igiyar takalminka ta kwance."

"Zumata, kin isa gida?"

"Na isa, sarkin ƙorafi. Yau wa ya ɓata maka rai?"

"Kowa, ban da ke."

"Saura ni. Ina tafe."

Wata uku da fara wannan, ta gaya wa Baba cewa akwai mai son turo manyansa. Baba ya tambayi ko wane ne. Da ta faɗa, sai ya ce, "Mai faifan? A'a."

Injiniya ya san inda zai ɗora laifin. Akwai ɗan Goggo ƙanwar Baba, mai shagon sayar da waya, wanda ya daɗe yana zagaye Auta. Shi ne ya kawo wa Baba sabuwar sifika mai haɗuwa da waya ba tare da igiya ba. Kowace yamma yakan zo ya zauna a bakin gadon Baba, ya haɗa, ya kunna saƙonnin, yana tambaya, "Baba, a ƙara murya? A maimaita?" Auta ta ce Baba yakan saurara a sandare, hannu a gwiwa, kamar wanda ake karanta wa takardar kotu, bayan saƙo biyu ya ce ya isa.

"Ai shi ke nan," in ji Injiniya. "Nasa yake so. Tsofaffinmu ba sa duba cancanta, jini kawai suke dubawa."

"Babana kake magana a kai," ta ce a hankali. Bai janye maganar ba.

Wata Talata wani direban bas ya dawo masa da faifai huɗu, ya ce duk suna tsalle a motarsa. Injiniya ya ɗaga ɗaya ya haska.

"Malam, idon na'urar motarka ne ya..."

"Ɗan boko," Kawu ya leƙo daga shagonsa, "a wane gudu ka buga su?"

"Arba'in da takwas. Me ya haɗa wannan da wancan?"

"Mayar da shi huɗu. In ka matsu, takwas."

"Kawu, na'urar an yi ta ne don ta yi gudu."

"An yi. Kai ma in ka rubuta wasiƙa a guje, yaro mai ido garau zai karanta. Ka ba tsoho ka gani. Wuta ce ke rubutu a jikin faifan nan. In ta wuce da sauri, rubutun ba ya kamawa sosai. Kwamfutarka sabuwa ce, za ta lalubo. Tsohon ido ba zai iya ba, alhali lafiyarsa lau."

Don ya ƙaryata shi kawai Injiniya ya saka sabon faifai ya zaɓi huɗu. Minti ashirin suna zaune, direba yana hamma. Suka fita tare zuwa motar. Faifan ya shiga, ya ɗauka, ya tafi santsi har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya.

Direba ya yi godiya ya ja motarsa. Injiniya ya tsaya a bakin titi. Minti ashirin. Abin da ya hana ta ke nan, don ta ce masa "har an gama?" Rediyon da matar nan ta goge da hannunta shekara goma sha biyar, shi ya tura shi cikin baron mai gwangwan, kuma da aka gaya masa, cewa ya yi an yi daidai.

Ranar bai buɗe shago da yamma ba. Ya bi masu gwangwan daga unguwa zuwa unguwa har ya kai filin da suke sauke kaya. Tsibin fanka, tsibin firji, tsibin talabijin masu fasassun fuska. Kwana uku yana tono, yatsunsa suka tsattsage. Shugaban wurin ya gaji da ganinsa ya kira shi gefe.

"Samari, wata uku ka ce? Nan kaya ba sa kwana bakwai. Robar an niƙe, jan ƙarfen an narke. Ka haƙura."

Wayarsa tana ta haske a aljihu, ya kasa ɗauka.

"Injiniyana, lafiya? Jiya na tsaya har mota uku ta wuce."

"In maganar Baba ce ta sa ka janye, ka faɗa min. Ba zan riƙe ka ba."

"Ko wata ce? Ɗan Goggo ya ce ya ga shagonka a rufe kwana uku. Ni dai gaskiya nake so, ko mai ɗaci ce."

Ya karanta na ƙarshen sau biyar. A rana ta biyar ya shiga shagon Kawu, karo na farko tun da suka zama maƙwabta, ya tsuguna ya faɗa masa komai. Kawu bai yi dariya ba, kuma hakan ya fi dariyar ciwo. Ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da wani tsohon rediyo mai murfin faifai, ya hure ƙurarsa.

"Wannan yana aiki. Na auna shi, ban bubbuga ba."

Injiniya ya buga sabon faifai a gudu huɗu, daga saƙonnin da ke ajiye a kwamfutarsa. Muryar Mama ta fito daga tsohon rediyon tas, har ana jin numfashinta tsakanin kalmomi. Nan zuciya ta fara raya masa hanya mai sauƙi: ya kai shi kyauta, ya ce ya sha wahalar nemo mai ido lafiyayye, ya yi shiru a kan sauran. Auta za ta yi kukan daɗi. Baba wataƙila ya sauko. Ba wanda zai taɓa sani.

Ya daɗe yana kallon faifan yana juyawa a ƙarƙashin murfi. Sannan ya ɗauki waya.

"Ba wata, wallahi. Laifi na yi miki, kuma ba a waya zan faɗa ba. Ƙarfe biyar."

A kan bencin da ke bayan kantin maganin ya gaya mata, bai rage komai ba. Ta saurara tana kallon hannayenta.

"Wato lafiyarsa ƙalau."

"Ina kyautata zaton haka."

"Kuma ba ka taɓa ganin sa ba lokacin da ka ce ya mutu."

"Ban gan shi ba."

"Da hannuna na ɗauke shi daga kan kantar," ta ce. "Baba yana zaune. Ya ji ina naɗe igiyar, ya ce, 'Auta, ina za ki kai shi?' Na ce Injiniya ya ce ya mutu. Akwai tabon man girki a murfinsa, na yatsan Mama. Kullum ina cewa zan goge, ina fasawa."

"Zumata..."

"Kada ka kira ni haka yau." Ta miƙe, ta gyara jakarta. "Kai da kake yi wa duniya faɗa a kan kintace."

Kwana goma ba ta amsa saƙonsa ba. Sau ɗaya ya turo, "Ba na neman ki yafe yanzu. Akwai wanda na fi yi wa laifi, kuma ina neman izinin ganin sa." A rana ta goma sha ɗaya amsa ta zo: "Asabar, ƙarfe tara na safe. Ni ba zan shiga ba."

Ɗakin Baba ƙarami ne, mai taga ɗaya. Gado, kujerar katako, sanda a jingine. A kan kantar akwai wani wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na sauran haske, ba a ɗora komai a kai ba. Injiniya ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da gadon.

"Baba, barkanku da hantsi. Ni ne mai faifan."

"Na gane. Tafiyarka ma sauri gare ta."

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Da ya kai ƙarshe, Baba ya ɗan gyaɗa kai.

"Na san rediyon nan bai mutu ba. Ran da aka ɗauke shi, da safe na saka wani tsohon faifan karatu da marigayiya take ji, ya yi daga farko har ƙarshe."

"Me ya sa ba ku faɗa ba, Baba?"

"Na faɗa sau ɗaya. Aka ce Injiniya ya ce. Makaho zai yi musu da injiniya?" Ya juyo da fuskarsa wajen muryar. "Ka ɗauka don ɗan ƙanwata na hana ka, ko? Wancan surutu ya yi masa yawa, ko kyauta ba zan ba shi ba. Kai kuwa cewa na yi, mutumin da zai yanke wa abu hukunci bai gan shi ba, wata rana 'yata zai yanke wa."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan tabarma, ya bar shi.

"Yanzu ni ma in tambaye ka. Ba wanda ya kama ka. Me ya hana ka yin shiru?"

"Na gwada, Baba. Kwana biyu. Na ga in na yi shiru, duk ranar da ta yi min murmushi sata nake yi."

Baba ya karkata kunne wajensa. Can ya ce, "Mene ne wannan da kake ta murzawa a leda?"

"Wani rediyo ne. Ba nata ba ne, kuma ba zai zama nata ba. Na neme shi, an riga an narke. Wannan dai yana karanta faifan."

Ya ɗora shi a kan cinyar Baba. Yatsun tsohon suka zagaye shi, suka je inda suka saba samun maɓalli, suka tarar da wayam. Injiniya ya nemi izini, ya kama yatsan a hankali ya kai shi wurin. Tun a shago ya ɗiga gam a kan maɓallin kunnawa ya bar shi ya daskare, ya zama ɗan ƙullutu, na tsayarwa kuma ɗigo biyu.

"Ɗaya ta yi magana, biyu ta yi shiru," in ji Baba. "Da haka uwar Auta take lokacin da tana raye, da na huta."

Suka gwada sau shida ba faifai, har yatsan ya daina ɓata. Sannan Injiniya ya saka faifan, ya rufe murfin, ya ɗora rediyon a kan kanta daidai inda hannu zai kai. Bai kunna ba. Ya tashi, ya ɗauki takalminsa, ya fita, ya jawo ƙofar har ta rufu.

Auta na tsaye a baranda, ta jingina da bango. Daga cikin ɗakin suka ji sallamar Mama. Suka ji Baba ya amsa mata, da wata murya da Auta ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ta kama hannun rigar Injiniya ta ja shi can bakin ƙofar gida, inda ba a jin komai.

"Ban gama jin haushinka ba," ta ce tana share ido.

"Na sani."

"Har yanzu in na hango mai gwangwan sai na tsallaka titi."

"Ni ma."

"Gobe ƙarfe biyar. Kada in tsaya mota ta wuce ni."

Baba bai sauko nan take ba. Wata biyar Injiniya yana zuwa kowace Asabar, ya karanta masa jarida, ya sha tambayoyi. Sau da yawa amsarsa "ban sani ba, Baba, amma zan bincika," har Baba ya fara cewa to wace irin makaranta ce wannan. Wata Asabar, yana naɗe jaridar, Baba ya ce, "Ka ce wa manyanka ina gida."

Aka ɗaura aure wata safiya mai sanyi. Kawu ya zo da sabuwar riga, ya zauna a sahun gaba yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa cewa shi ya koya wa ango aiki. Ɗan Goggo ma ya zo, ya fi kowa ɗaukar hoto.

Da jama'a suka ragu, aka shigar da ango da amarya ɗakin Baba. Suka durƙusa a gabansa. Ya lalubo hannunta, ya lalubo nasa, ya haɗa su a tafinsa.

"Jiya na gaya wa uwarki," ya ce.

Auta ta yi dariya cikin kuka. "Me ta ce, Baba?"

"Ta ce in daina shan shayi da sukari uku. Ban ji ta ce a'a ba."

Ya ƙara riƙe hannayen.

"Ga ta nan, yaro. Ita kaɗai ta rage min a gida, kuma na ba ka da zuciya ɗaya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku haƙuri da juna, ya sa in ɗayanku ya yi kuskure ya riga kowa faɗa. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Ku tashi ku tafi, Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," suka ce tare.